Karen Samoyed a gidan iyali: gashinsa, zafi da zaman kaɗaici

Maman Yara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman bayani daga waɗanda suka san karen Samoyed da gaske, farin nan mai gashi kamar auduga, wanda bakinsa kullum kamar yana murmushi. Ya dace da gidan da ke da ƙananan yara? Yaya ake kula da gashin, me yake ci, kuma wane ciwo ya fi damun irinsa? Na kuma ji ana cewa ba ya tayar wa masu borin jini atishawa. Don Allah a warware min dalla-dalla.

Baba Mai Kiwo:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara sanin inda karen ya fito, domin halinsa daga can ya taso. Asalinsa arewa maso yammacin Saiberiya a ƙasar Rasha, wurin mutanen Nenets da danginsu, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara. Shi ke tare musu garke, shi ke jan kaya a kan ƙanƙara, da dare kuma cikin tanti yake kwana a jikin mutane, a wurin da sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ernest Kilburn-Scott ya kai irinsa Ingila a 1889, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, AKC, ta yi masa rajista a 1906.

Girmansa matsakaici ne. Namiji kimanin santimita 57 a kafaɗa, mace 53, ana yarda da ƙarin uku ko ragin uku. Namiji kilo 20 zuwa 30, mace 16 zuwa 23. Gashin ne ke sa a ɗauka ya fi haka. Yakan rayu shekara 12 zuwa 14. Launinsa fari ne, ko mai ɗan ja-ja a kunne da baya, duk ba aibu ba ne.

Wajen hali, yana daga cikin karnuka masu sauƙin kai da yara. Amma kare ne na aiki, na sanyi, na cikin mutane. Wanda zai ɗaure shi a bayan gida shi kaɗai, kada ma ya soma.

Mai Horar da Karnuka:
Baba ya faɗi gaskiya, zan ƙara da abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: yana da surutu. Haushinsa siriri ne mai shiga kunne, yana yi in ya ji daɗi, yana yi in ya gaji da zama, yana yi in ya hango baƙo. Kuma haushin baƙon iyakarsa sanarwa. Da mutumin ya shigo, jela zai kaɗa masa. Mai neman karen gadi ya nemi wani iri.

Yana buƙatar motsi awa ɗaya zuwa biyu kullum in ya girma, a raba safe da yamma. In bai samu ba, abin zai fito ta wata hanya: tonon rami, tauna kujera, haushi ba ƙaƙƙautawa.

Maman Yara:
To Malam, idan mutum yana zaune a wurin da ake zafi sosai fa? Wasu sun ce gashin nan ma kare shi yake daga zafi, wasu sun ce a aske shi kawai.

Mai Gyaran Gashi:
Hajiya, kada a aske. Gashinsa hawa biyu ne. Na ƙasa gajere ne, mai laushi, cunkus, shi ke riƙe ɗumi. Na sama dogo ne, miƙaƙƙe, mai ɗan kaushi, shi ke tare ruwa da datti da hasken rana. Ba tare suke tsiro ba. In aka bi da injin aski, na ƙasa ke rigan fitowa, na sama kan ɗauki watanni masu yawa, wani lokaci fiye da shekara, wani wurin ma ya fito tsilli-tsilli. Sai a wayi gari da gashi mai laushi da ke kama ƙaya da ƙura, yana dunƙulewa fiye da da. Fatarsa kuma fara ce mai ɗan ja, rana na ƙona ta da zarar ta fito fili. Gashin nan shi ke hana zafi shiga jikinsa.

Likitan Dabbobi:
Malama, na yarda da ke kan aski, amma maganarki ta ƙarshe tana bukatar gyara, domin mutane na fakewa da ita su fita da kare tsakar rana. Gashin yana rage zafin hasken rana da ke dukan fata, wannan haka ne. Sai dai jikin kare da kansa yana samar da zafi, musamman in yana gudu, kuma wannan gashin da ke hana na waje shiga shi ne ke hana na ciki fita. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne. Hanyarsa ta huce zafi ita ce haki: iska ta bi ta kan harshe da hanci, danshin ya tashi ya tafi da zafin. In iskar wurin kanta cike take da danshi, hakin ba ya yin aiki sosai. Shi ya sa digiri 30 mai danshi ya fi 33 busasshe haɗari.

Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 zuwa 39.2 ne. In ya kai 40 an shiga matsala, in ya haura 41 gaɓoɓin ciki sun fara lalacewa. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na karnukan da zafi ya kayar, motsa jiki ne ya jawo musu, ba rufewa a mota ba. Ingila fa, ƙasar da ba ta san zafi sosai ba.

Ra'ayina a fili: inda zafi ke wuce digiri 30 mafi yawan shekara, wanda ba shi da ɗaki mai na'urar sanyaya da wutar da ba ta yankewa, kada ya ajiye Samoyed. Fanka ita kaɗai ba ta isa ba, don fanka tana sanyaya mai gumi ne.

Mai Gyaran Gashi:
Na karɓi gyaran, Dakta. To abin da ya dace a yi wa gashin a lokacin zafi shi ne a taje mataccen gashin ƙasa ya fita gaba ɗaya, iska ta samu hanyar kaiwa fata. Kare da aka taje sarai da wanda gashin ƙasansa ya cushe, ba ɗaya ba ne wajen jin zafi. Ana iya rage na ciki da na tsakanin cinyoyi kaɗan, don ya ji sanyin daɓe in ya kwanta. Baya da gefe dai a bar su.

Baba Mai Kiwo:
Ni ba zan ce sam ba za a iya ba, Dakta. Akwai masu riƙe shi a ƙasashe masu zafi yana lafiya. Amma sharuɗɗan da ka kawo su ne, ƙari da fita kafin rana ta fito da bayan ta faɗi, da taɓa kwalta da bayan hannu kafin a ɗora shi a kai. In hannu bai jure daƙiƙa biyar ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Abin tambaya shi ne ko mutum zai iya yin haka kullum har shekara goma sha biyu.

Ɗalibar Likitanci:
Ranka ya daɗe Dakta, idan zafin ya riga ya kayar da shi fa? An daɗe ana koyar da cewa kada a zuba ruwa mai sanyi sosai, wai jijiyoyin fata za su tsuke zafin ya maƙale a ciki.

Likitan Dabbobi:
Wannan tsohuwar koyarwa ce, yanzu an koma kan cewa saurin saukar da zafin shi ke ceton rai. A fara sanyayawa, sannan a kama hanyar asibiti.

Alamomin farko: haki mai ƙarfi da ba ya lafawa ko an tsaya, harshe ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi jajir, yawu mai kauri. In abin ya yi nisa sai amai, zawo, tangaɗi, faɗuwa.

A kai shi inuwa nan take. A zuba ruwan da ya fi jikinsa sanyi, duk wanda ke kusa. Matsalar Samoyed ita ce ruwa kan zame ta saman gashi bai taɓa fata ba, don haka a buɗa gashin da hannu, a fi mai da hankali ga ciki, hammata da tsakanin cinyoyi inda gashi ya fi ƙaranci. A kunna masa fanka yana jiƙe, a nan fanka ke da amfani. Kare matashi da bai suma ba, ana iya tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi a riƙe kansa sama. Tsoho, ko mai ciwon zuciya, ko wanda hankalinsa ya gushe, zubawa da fifita kawai. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, tawul ɗin zai ɗumama ya riƙe zafin. Kada a ɗura masa ruwa a baki. In akwai ma'aunin zafi, a dakata da sanyayawa da ya sauka wajen 39.5, domin zai ci gaba da sauka da kansa. Ko ya miƙe ya warware a kai shi asibiti, don illar da ta taɓa ƙoda ko daskarewar jini kan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Maman Yara:
Allah ya saka da alheri. Malama, ita tazar yaya ake yin ta? Buroshi kawai za a bi da shi a jiki?

Mai Gyaran Gashi:
A'a Hajiya, a nan mafi yawan mutane ke kuskure. Suna bin sama da buroshi, kare ya yi kyau a ido, alhali a ƙasa gashin ya manne da fata ya zama faifai guda.

Kayan aiki huɗu ne: buroshi mai dogayen haƙoran ƙarfe marasa kaifi, buroshi mai ƙananan wayoyi lanƙwasassu, mataji mai haƙora wara-wara na jawo gashin ƙasa, da matajin ƙarfe na dubawa. A guji irin wanda ke da reza a tsakanin haƙoransa, yana yanke gashin sama.

A kwantar da shi a gefe ɗaya. A ɗan fesa ruwa, don busasshen gashi karyewa yake. A fara daga ƙasan ƙafar baya. Hannu ɗaya ya ɗaga gashin sama har a ga layin fata, ɗaya hannun ya taje abin da ke ƙarƙashin layin daga tushe zuwa baki. Sai a sako wani gashin kamar faɗin yatsa biyu, a sake. Haka za a yi ta hawa layi-layi har gadon baya, sannan a juya shi. In an gama a bi da matajin ƙarfe. Duk inda ya tsaya, ba a gama wurin ba.

Inda ya fi dunƙulewa: bayan kunnuwa, hammata, ƙarƙashin abin wuya, bayan cinyoyi da gindin jela. In an tarar da dunƙule, kada a sa almakashi a yanke daga gindi, fatar bayan kunne siririya ce, tana bin gashin ta ɗago, nan ake yanka kare. A zura mataji tsakanin fata da dunƙulen, a tsaga shi a tsaye gida biyu ko uku, a warware da yatsa daga baki zuwa tushe.

Sau biyu ko uku a mako, minti 20 zuwa 30. Lokacin zubar gashi kuwa kullum. Namiji kan zubar da na ƙasa gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, macen da ba a cire wa mahaifa ba yawanci sau biyu. Yakan ɗauki makonni, kuma gashin da zai fita zai cika jaka. Wanda ke zaune cikin ɗaki mai sanyi da hasken lantarki kan zubar kaɗan-kaɗan duk shekara.

Mai Horar da Karnuka:
A ƙara da wannan: kwanciyar taza koya ta ake yi, tun yana mako takwas, lokacin da gashin bai ma buƙaci tazar ba. Minti biyu, a taɓa kunne, ƙafa, jela, a ba shi ɗan abin tauna, a sake shi kafin ya fara mutsu-mutsu. Kare mai kilo 28 da bai saba ba, mutum biyu ba sa iya riƙe shi a taje masa hammata.

Mai Gyaran Gashi:
Haka ne Malam. Sai wanka. Ba ya buƙatar wanka da yawa, duk mako shida zuwa takwas ya isa, kuma ba shi da warin kare sosai. In ya yi taɓo a bar shi ya bushe, mafi yawansa zai kakkaɓe da buroshi. Amma in za a yi, a taje tukuna, domin ruwa ƙara ɗaure dunƙule yake. A jiƙa har fata, wannan kaɗai kan ci minti goma. Shamfu na karnuka, a tsarma shi da ruwa yadda aka rubuta a kwalbar. A ɗauraye har ruwan ya fito garau, a sake ɗaurayewa, sauran kumfa a ƙarƙashin gashi ƙaiƙayi yake zama.

Busarwa ita ce babban aikin. In aka bar shi ya bushe da kansa, sama za ta bushe, ƙasa ta kwana a jiƙe. Danshi da ɗumi a kan fata su ke kawo gyambon nan mai ruwa da ke faɗaɗa cikin 'yan awoyi, kare na lasa yana ƙara buɗa shi. Ana buƙatar na'urar busarwa mai hura iska da ƙarfi ba tare da zafi ba, a bi layi-layi kamar taza, awa ɗaya zuwa biyu. Na'urar busar da gashin mutane zafinta ya yi yawa, ƙarfinta ya yi kaɗan. Wani amfanin na'urar: tana buɗa gashi a ga fata, nan ake gano kaska da ƙuma da kumburi.

Farce duk mako biyu zuwa huɗu, a kuma rage gashin tsakanin yatsu don kada ya riƙa zamewa a kan tayil.

Likitan Dabbobi:
Tunda an ambaci kaska: a cikin wannan gashin sai ta sha jini ta ƙoshi ba a gan ta ba, kuma tana ɗauke da cututtukan da ke fasa ƙwayoyin jini. A riƙa ba da maganin kariya a kan lokaci. Na ɗigawa a wuya sai an buɗa gashi ya sauka a kan fata, in ya tsaya a gashi an yi asara. In akwai kyanwa a gidan a guji mai sinadarin permethrin, yana kashe kyanwa. Cire kaska kuma da hantsaki, a kama daf da fata a ja a hankali, ba mai, ba wuta.

Batun da Hajiya ta tambaya, cewa ba ya tayar wa masu borin jini atishawa: ba gaskiya ba ne. Abin da ke tayar da shi wani furotin ne da ke cikin yawu da ɓawon fatar kare, kuma kowane kare yana da shi. Wani bincike a Amurka a 2011 ya auna ƙurar gidaje, bai sami bambanci ba tsakanin gidajen da ke da irin karnukan da ake cewa ba sa tayar da shi da sauran. In akwai mai asma ko atishawa a gida, ya zauna da babban Samoyed a ɗaki na wasu awoyi, fiye da sau ɗaya, kafin a yanke shawara.

Ɗalibar Likitanci:
Dakta, a yi mana bayanin ciwon ƙodar da ake dangantawa da su. Me ya sa maza ya fi kashewa?

Likitan Dabbobi:
Ciwon gado ne, dangin wanda ake kira Alport a mutane. Matatar da ke cikin ƙoda ba ta ginuwa daidai saboda tangarɗa a ƙwayar gado mai suna COL4A5, wadda ke kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zaren gado da ke bambanta mace da namiji. Mace tana da X biyu, in ɗaya ya samu matsala ɗayan zai rufa mata, sai ta zama mai ɗauke da shi, alamunta kaɗan. Namiji X ɗaya gare shi, ba abin da zai rufa masa. Yana wata uku zuwa huɗu furotin zai fara fita a fitsarinsa, ya daina girma yadda ya kamata, ya rame, yawanci kafin wata 15 ƙodar ta gaza. Ba shi da magani. Uwa mai ɗauke da shi, kowane ɗanta namiji yana da rabin yiwuwar kamuwa, kowace 'yarta rabin yiwuwar ɗauka.

Irin wannan hanyar gadon ce da ciwon lalacewar bayan ido, wanda suke tarayya da karen Husky. Yana farawa da dundumi tsakanin shekara biyu zuwa biyar, kare ya riƙa jin tsoron duhu yana karo da abubuwa, a hankali ya makance. Duka biyun akwai gwajin ƙwayar gado, da ɗan auduga ake goge cikin kumatu a aika. Don haka gwajin uwa shi ne kan gaba.

Sauran abin da za a nema a wurin mai kiwo: hoton ƙashin ƙugu na iyayen biyu, don a ga ko gaɓar ta zauna daidai, takardar duba ido daga likitan ido, saboda suna samun hawan jinin ido, da sauraron zuciya, don akan haifi wasu da ƙuntataccen bakin jijiyar da ke fita daga zuciya.

Baba Mai Kiwo:
'Yata, takardar ki gani da idonki, mai ɗauke da sunan uwar da lambar na'urar shaidar da aka dasa mata. Hoton ƙugu a tsarin Amurka sai kare ya cika shekara biyu ake ba da sakamako na ƙarshe, a tsarin Ingila daga shekara ɗaya. Duk wanda ya haɗa karya 'yar wata goma barbara, ki san bai yi wannan gwajin ba. Ki ga uwar tare da 'ya'yanta. In tana ɓuya ko tana gurnani ga baƙo, wannan ba halin Samoyed ba ne, kuma 'ya'ya na ɗauka.

Maman Yara:
Abinci fa, Dakta? Gwangwani nawa a rana?

Likitan Dabbobi:
A auna da sikeli Hajiya, gwangwani yaudara yake. Babban Samoyed mai kilo 25 da aka dandaƙe, mai motsi daidai gwargwado, yana buƙatar kalori wajen 1,250 a rana. In busasshen abincin karnukan da ake ba shi yana da kalori 370 a kowane giram 100, kimanin giram 340 ke nan, a raba biyu. Wannan mafari ne, jikinsa zai nuna ko a ƙara ko a rage. Ido ba ya ganin ƙibar Samoyed, sai hannu. A zura yatsu cikin gashi a shafa haƙarƙari: a ji su ba tare da dannawa ba. In sai an danna, ya yi ƙiba. A ɗora shi a sikeli duk wata.

Kwikwiyo sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Kada a ƙara masa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam in abincinsa cikakke ne, kwikwiyo ba ya iya tace abin da ya wuce kima, ƙashin sai ya girma a karkace. Cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa, tafarnuwa da cingam mai sinadarin xylitol duk guba ne gare shi, a gaya wa yara.

Ƙiba tana da muhimmanci a nan domin Samoyed na cikin karnukan da ciwon suga ya fi kamawa, yawanci daga tsakiyar shekaru. Kare kan sha ruwa mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a rana, wato lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi ga mai kilo 25. In ya haura lita biyu da rabi ba tare da zafi ko gudu ba, yana yawan fitsari, yana ci amma yana ramewa, a gwada jini da fitsari. Maganinsa allurar insulin, galibi sau biyu a rana har ƙarshen rayuwa, kuma mafi yawansu yanar ido kan rufe su cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Mai Gyaran Gashi:
Dakta, ga inda nake da ja. Cire mahaifa ko dandaƙa yana canja gashin Samoyed. Na ƙasa ya ƙara yawa da laushi, ya daina zuba a lokaci ɗaya, ya riƙa dunƙulewa. Aikin taza kusan ninkawa yake. Ya kamata a faɗa wa mutane kafin a yi.

Likitan Dabbobi:
A faɗa musu, ban musa ba. Amma a auna da ɗaya gefen. Bayan kowane lokacin barbara, karya kan yi kusan wata biyu sinadarin progesterone yana sama a jininta, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, kuma yana hana insulin aiki. A irin karen da tun farko ciwon suga ke bibiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma ruɓewar mahaifa da ke kama tsofaffin karnukan da ba a cire wa ba, wadda kan kai ga tiyatar gaggawa. Ga mace, ni ina ganin a cire in ba kiwo za a yi ba, bayan ƙashinta ya gama girma, wajen shekara ɗaya zuwa wata 15, kuma a bar kamar wata uku bayan lokacin barbararta. Ga namiji hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba, ana iya barinsa in ana iya tsare shi.

Abu ɗaya kuma da mai Samoyed zai riƙa tuna wa likita: suna cikin irin da aka fi samu da borin magungunan salfa, zazzaɓi, kumburin gaɓoɓi, bushewar ido. In akwai wani maganin da zai yi aikin, a zaɓe shi.

Mai Horar da Karnuka:
Mu dawo kan yara, tunda shi ne asalin tambayar. Haɗarin Samoyed ga ƙaramin yaro yawanci ba cizon mugunta ba ne, murna ce. Yana tsalle ya ture yaro, kuma jinin kiwo na sa shi bin mai gudu yana kama diddige ko riga. Tsakanin wata uku zuwa bakwai yana famfara, haƙora 28 na fita 42 na shigowa, komai sai ya tauna. In haƙori ya taɓa fata, wasa ya tsaya nan take, a juya masa baya daƙiƙa 20, a miƙa masa abin taunarsa. Yara su koyi tsayawa cak su naɗe hannu in ya zaburo, gudu da ihu ƙara zuga shi suke.

Su ma yaran da dokarsu. Ba hawa bayansa, ba jan gashi, ba rungumar wuya, ba taɓa shi yana ci ko yana barci. Kare na nuna ya gaji tun kafin ya yi gurnani: hamma ba barci, lasar leɓe, kau da kai, farin ido ya bayyana, jiki ya sandare. A Samoyed wannan bakin mai kama da murmushi na ruɗar mutane, haka bakin yake ko ransa a ɓace. In ya yi gurnani kada a dake shi, a janye yaron. Karen da aka hana gurnani, ran da ya ƙosa cizo zai yi ba gargaɗi. Yaron da bai kai shekara shida ba kada a bar su su biyu, komai kirkin karen.

Horonsa da lallashi da lada ne. Yana da kaifin kai amma maimaici na gundurarsa, minti biyar sau uku a rana ya fi rabin awa a jere. Duka na sa shi ƙin zuwa in an kira. Jan igiya kuwa a jininsa yake: da igiya ta miƙe a tsaya, sai ta saki a ci gaba. A sa masa ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya, ba ta shaƙe shi, ba ta kuma cinye gashin wuya. Kira a koya da doguwar igiya mai mita goma, kada a sake shi a fili sai ya ƙware, don in ya hango kyanwa ko zomo kunnensa toshewa yake.

Maman Yara:
Idan kowa na fita aiki da makaranta tun safe sai yamma fa?

Mai Horar da Karnuka:
To wannan gidan ba nasa ba ne Hajiya, sai in akwai mai zama ko mai zuwa tsakar rana. Babba da aka koya wa zaman kaɗaici, awa huɗu ne iyakar da zan ba da shawara. Koyarwar ma a hankali take: a fita daƙiƙa 30 a dawo ba tare da wata hayaniya ba, sai minti ɗaya, biyar, goma, ana ƙarawa in bai yi kuka ba, ana ragewa in ya yi. Kwikwiyo ɗan wata biyu ba ya riƙe fitsari fiye da awa biyu zuwa uku, a fitar da shi da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa.

Tsakar gida kuma shinge ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye, a binne waya ko dutse a gindinsa kamar santimita 40, don ta ƙasa ya fi fita. Tonon ba a hana shi gaba ɗaya, sanyin ƙasa yake nema ya kwanta. A ware masa kusurwa ɗaya mai inuwa da yashi, a riƙa binne masa abin wasa a ciki, in ya tona wani wurin a mai da shi can.

Ɗalibar Likitanci:
Baba, wasu masu kiwo na ba da kwikwiyo yana mako shida, wai ya fi sabawa da sabon gida.

Baba Mai Kiwo:
Kada a karɓa 'yata. Mako takwas ne mafi ƙaranci. Tsakanin mako na shida da na takwas yake koyon sassauta cizo a wurin 'yan'uwansa: ya ciji ɗaya da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Wanda aka raba da wuri, a hannun yaran gida zai yi wannan karatun.

Likitan Dabbobi:
Kuma a karɓo shi da katinsa. Maganin tsutsar ciki a mako na 2, 4, 6 da 8, daga nan duk wata har ya cika wata shida. Rigakafin farko tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako 16, domin kariyar da ya sha a nonon uwa kan kashe ƙarfin allurar farko, ta ƙarshen ce abin dogaro. Ta haukan kare daga mako 12. Kafin allurar su cika kada a sauke shi inda karnukan da ba a sani ba ke kashi, amma kada a kulle shi a ɗaki, lokacin sabonsa da duniya kan rufe wajen mako 14. A ɗauke shi a hannu ya ga motoci, ya ji ƙarar na'urar busar da gashi daga nesa, ya haɗu da manya da yara da karnuka masu cikakken rigakafi. In namiji ne kuma ba a ga takardar gwajin uwarsa ba, a kai fitsarinsa a duba furotin yana wata huɗu.